Yadda na tsaya takarar delege, wato wakilin ɗalibai, a ajinmu

Shekarata ta farko a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, saura kwana uku a rufe karɓar dosiye na neman tallafi na ji labarin, kuma ba daga bakin wani babba na ji ba, a bakin famfo na ji muna alwallar azahar, wani a gefena yana tambayar abokinshi ko ya kai nashi takardun. Na ce wace takarda kuma? Ya juyo ya dube ni ya ce kamarad kai sabon zuwa ne ko? Ashe sanarwar ta daɗe manne a allo, an kuma ɗauki hotonta an sa a gurup ɗin WhatsApp na ajinmu, amma ni lokacin ƴar salula mai maɓalli gare ni wadda baba ya ba ni ranar da zan hau mota daga Tawa, shi kuwa allon kullum ina wucewa ta gabanshi ina ganin takardu sun hau kan juna wasu rana ta ƙone su wasu iska ta yage, ban taɓa kawowa a raina cewa abincina na shekara yana cikin ɗaya daga cikinsu ba.

Kwana ukun nan ba zan manta da su ba. Takardar haihuwa tana hannuna, takardun bak, jarabawar gama sakandare, suna hannuna, amma takardar shaidar zama ɗan ƙasa, nasiyonalite, tana can gida cikin akwatin inna, tsakanina da ita tafiyar fiye da kilomita 500 ce ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Na kira yayana da ɗan kiredin da ya rage min, ya hau babur ya je ƙauye ya ɗauko ta ya kai tasha ya ba direban motar asuba, washegari da yamma na ƙetare gada na je na tsaya a tasha har motar ta iso. Daga nan sai fotokopi, sai layin meri, ofishin magajin gari, don a buga hatimi, kowace kopi da tambur ɗinta, sai hoto, ranar ƙarshe da rana tsaka na miƙa dosiyena anka ba ni ƴar takardar shaida na ninke ta na sa a aljihun gaba ina ta shafa ta har na isa ɗaki. Ni na samu. Amma akwai wani yaro ɗan wajen Keita da muke kwana ɗaki guda a Karaje wurin wani ɗan garinmu, shi ma bai ji ba, kuma shi nasiyonalite ɗin ma bai taɓa yi ba, babu abin da kwana uku za su yi mishi. Ya daure wata huɗu yana cin abin da ya samu, ran da munka samu mu raba ran da babu mu sha ruwa mu kwanta, daga baya ya tattara kayanshi ya koma gida. Yaron nan ya fi ni kai nesa ba kusa ba, wannan ko a gaban wa zan faɗe ta.

Bayan tafiyarshi ne wani yayanmu da ke masta ya zaunar da ni a fada muna shan shayi ya warware min yadda gidan yake, don wallahi sabon shiga ba ya gane wa ke riƙe da me. Rajista da katin ɗalibi da maki aikin sikolarite ne, wato ofishin rajistar ɗalibai. Bursu da tallafin da ake ba waɗanda ba su da bursu, wannan ANAB ce. Ɗaki a site inda ɗalibai ke kwana, tike na resto inda ake cin abinci, motocin ɗalibai da wurin shan magani, CROU ke da su. Ƙungiyar ɗaliban jami'ar ita ce UENUN, reshe ce ta USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar baki ɗaya, wadda anka kafa tun 1960, tana da shugabanninta da ake zaɓa, tana da CASO masu kula da tsari da al'amuran zaman ɗalibai. Ya ce amma ƙanena duk waɗannan ga dubban mutane suke aiki ba za su iya sanin sunanka ba, wanda ya san kana aji ko ba ka aji, ka ji labari ko ba ka ji ba, shi ne delege, kuma shi ne muƙamin da ɗalibai sunka fi rainawa. Gaskiya ya faɗa. Delege namu na shekarar farko ba zaɓe anka yi ba, wata rana malam bai iso da wuri ba wani ya tashi ya ce ana buƙatar delege, wani mai babbar murya ya ce shi zai yi, anka ce wa ya yarda, ƴan gaba sunka ɗaga hannu, shi ke nan. Ba mugun mutum ba ne, amma yana da sana'arshi a kasuwa, in ya jefa hoto a gurup a wurinshi ya gama aiki.

Ran 9 ga Fabrairu na bi sahun ɗalibai wajen tunawa da waɗanda sunka rasu a gadar Kennedy. A wannan rana a 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai sun fito daga jami'a za su ƙetara cikin gari da kokensu, jami'an tsaro sunka buɗe wuta, ɗalibai uku sunka rasa ransu. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, a 1991 anka zauna babban taron ƙasa wanda André Salifou ya jagoranta, USN tana cikin waɗanda sunka zauna a ciki, daga nan ƙasa ta shiga zaɓen jam'iyyu da yawa. Ita kanta jami'ar da ta faro a 1971, sai a 1992 anka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa masanin hasken rana wanda ya taɓa shugabantarta. Ina tsaye cikin taron nan ana ta jawabi ana tafi, ni kuwa abin da ke cina a rai shi ne mutanen nan da jininsu sunka sayo mana damar mu zaɓi mai magana da yawunmu, amma ranar da anka ce a zaɓi wanda zai riƙa kawo mana labarin jarabawa da bursu rabin aji tashi suke su tafi neman layin resto.

Da kuɗin tallafi na farko sunka shigo hannuna na sayi babbar waya ta hannu, gilashinta a tsage amma tana aiki. Da munka shiga shekara ta biyu na je na samu yayan nan namu na ce ina so in tsaya. Ya ce to fara da neman a yi zaɓe na gaskiya tukuna, in ba haka ba kai ma da ɗaga hannu za ka hau kuma da ɗaga murya za a sauke ka.

Kowane sashe da yadda yake yin nashi, ni dai yadda munka yi a ajinmu zan faɗa. Mu shida munka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe muna roƙon a ba mu anfi, babban ɗakin darasi, na awa biyu da jerin sunayen waɗanda sunka yi rajista. Ya amince, ya ce sharaɗi ɗaya kada a taɓa lokacin darasi, kuma a kawo mishi sakamako a rubuce da sa hannu. Munka roƙi mutum uku daga ajin da ke gaba da mu su zama komitin zaɓe, tunda su ba su da ɗan takara a cikinmu, ɗaya mace biyu maza. Su sunka rubuta sanarwa da babban bik anka manna a ƙofar anfi anka sa a gurup, kwana biyar na ajiye takara, kowa ya kawo kopin katinshi na ɗalibi da ƴar takarda da hannunshi yana cewa ya tsaya. Mu huɗu munka ajiye, ɗaya ya janye kafin ranar, munka rage uku, ni da wani ɗan cikin gari mai iya magana ƙwarai wanda Faransancinshi ko malamai suna yabawa, da wata ƴar Doso mai natsuwa wadda kayenta, littafin da take rubuta darasi, shi ne rabin aji ke fotokopi in jarabawa ta matso.

Abin da ya fi ba ni wahala a kwanakin neman ƙuri'a ba abokan takara ba ne, ƴan uwana ne. Tun ran da sunana ya fito ƴan Adar sunka fara zuwa suna cewa kada ka damu namu ne kai, mun fi su yawa, za mu haɗa da ƴan Maradi da ƴan Damagaram mu gama da su. Wani ma ya ce in kawo kuɗin shayi da sukari ya zagaya fadoji uku ya ɗaure min su. Ban ɓoye ba raina ya so, don kowa na son ya ci. Amma na zauna na yi tunani, in na hau da sunan ɗan garinmu, ranar da Bazabarme ko Bafillace ko Buzu ko Babarbare ya rasa labari zai ce ai dama ba nashi ba ne, kuma ba zai zo ya same ni da matsalarshi ba, ni kuma duk dalilin tsayawata kenan, a daina samun wanda labari ke wucewa ta kanshi. Na ce musu don Allah duk wanda zai zaɓe ni don Tawa ya bari, sun ji haushi wasu har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Shayin kuwa na sha tare da su kamar kullum amma ban saya wa kowa ba.

Komiti ya ba kowannenmu minti biyar a gaban aji ranar jajibiri. Ɗan cikin garin nan ya yi magana mai daɗi kan martabar ɗalibi da gwagwarmaya, anka yi mishi tafi sosai. Ƴar Doson ta yi magana kan jadawalin darussa da yadda za a riƙa haɗa kuɗin fotokopi a yi wa aji gaba ɗaya ya fi sauƙi. Ni da na hau gwiwoyina suna rawa, na ba su labarin yaron Keita yadda na ba ku yanzu, ban ƙara ban rage ba, sannan na ce duk wanda ba shi da WhatsApp ko yana da shi amma ba kullum yake da kuɗin forfe na intanet ba ya ɗaga hannu. Da farko ba wanda ya ɗaga, kunya, sai wata yarinya can baya ta ɗaga, sai wani, sai wani, har hannuwa sunka yi yawa anfi ya yi tsit, don da yawa a cikinmu sun ɗauka duk wanda ke jami'a yana cikin gurup. Na ce alkawarina kenan, zan rubuta sunan kowane ɗayanku da lambarshi a kaye, kuma ba zan kawo muku labarin da ban ga hatiminshi da idona ba ko ban ji daga bakin mai shi ba.

Ranar zaɓe Asabar ce da safe, kuma tun kafin a fara rigima ta tashi. Komiti ya ce sai mai katin ɗalibi zai jefa ƙuri'a, alhali mutane da dama sun yi rajista amma katinsu bai kai hannunsu ba tukuna, rasit kawai gare su. Wakilin ɗan cikin garin ya ce doka doka ce, wakilina ya ce wannan zai fitar da mutane da yawa, murya ta fara tashi har wasu sunka miƙe. Matar da ke cikin komitin ce ta kashe wutar, ta ce jerin sunayen da anka ba mu daga sashe shi ne alƙali, duk wanda sunanshi ke ciki ya zo da rasit da wata takarda mai hotonshi ya jefa, wanda sunanshi ba ya ciki ko da kati goma ya zo ba zai jefa ba, ta tambaye mu ƴan takara ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa ko mun yarda, munka ce mun yarda, anka rubuta anka sa hannu kafin a buɗe layi. Na koyi abu a wurin baiwar Allah nan, duk abin da zai iya kawo gardama a ƙarshe a gama shi tun ba a san wa zai ci ba.

Akwatin zaɓen kwalin takarda ne da anka nuna wa kowa cikinshi babu komai sannan anka liƙe shi da sikoc anka yanka baki a sama. Ƙuri'un ƴan ƙananan takardu ne da shugaban komiti ya sa wa hannu a baya ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya shigo da nashi daga waje. Ka zo, a duba sunanka, ka sa hannu a gefenshi, a ba ka takarda, ka je bayan wani tebur da anka jingine a kusurwa ka rubuta suna ɗaya ka ninke ka jefa. Ni ina zaune a benci na gaba ina kallon layi, ina ganin ƴan garinmu da sunka yi fushi da ni suna wucewa ba su dube ni ba, ina ganin yarinyar da ta fara ɗaga hannu ta zo da ƙawayenta huɗu. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda ba su zo ba, don bencina da yawa babu kowa, masu zama can nesa a ƙetaren gulbi kamar Talaje da Aeropor ba za su kashe kuɗin faba-faba ranar da babu darasi ba, kuma ban ga laifinsu ba, kuskurenmu ne mu da munka zaɓi Asabar, da ranar darasi munka sa bayan an tashi da an fi haka.

Da anka rufe, anka zazzage kwalin a kan tebur anka fara ƙirga takardun anka gwada da yawan sa hannu, sunka yi daidai. Sannan ɗaya yana buɗewa yana karanta suna da ƙarfi yana nuna wa wakilai, ɗaya yana jan layi a allo da alli, layi huɗu su yi murabba'i na biyar ya ratsa tsakiya. Akwai ƙuri'un da anka soke, wani ya rubuta suna biyu, wani ya rubuta sunan ɗan ƙwallo, wannan ya ɓata min rai don mutum ya taso tun daga gida ya bi layi ya zo ya zubar da ƙuri'arshi. Tun daga farko ni da ɗan cikin garin muke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya wuce ni in kamo shi, ina ta karanta abin da ya zo bakina a zuci, sai can wajen ƙarshe sunana ya fito sau da yawa a jere. Da ƙuri'a tara na wuce shi. Ƴar Doso ta zo ta uku amma ba da nisa ba. Anka rubuta sakamakon a takarda, komiti da wakilai da mu ƴan takara duk munka sa hannu, ɗan cikin garin ya taso ya ba ni hannu ya ce kamarad Allah ya taya ka riƙo, kuma har ga Allah ya riƙe wannan maganar don daga baya ya taimake ni ba sau ɗaya ba. A wurin na roƙi ƴar Doson ta zama mataimakiyata, aji ya amince, kuma wannan ita ce shawara mafi kyau da na yanke a duk shekarar, don Zabarmancina na kasuwa ne ita kuwa harshenta ne, sannan akwai matsalolin da ɗaliba ba za ta taɓa kawo wa namiji ba.

Ran Litinin munka kai wa shugaban sashe takardar. Ya karanta ya sa a dosiye ya karɓi lambobinmu ya ba mu tashi, ya ce min delege abin da anka faɗa maka shi za ka kai, ba abin da kake so a ce an faɗa ba, kuma in ɗalibai sun aiko ka kada ka rage zafin maganarsu don ka faranta min, kada kuma ka ƙara mata gishiri don su yi maka tafi. Na ce to Malam in sha Allah.

Kayen nan shi na fara yi. Na bi aji benci benci ina rubuta wanda ba ya cikin gurup, unguwarshi, lambarshi, da sunan wani na kusa da shi mai babbar waya. Munka raba su, kowane mai WhatsApp da ya yarda ya ɗauki mutum biyu ko uku, in sanarwa ta fito ya kira su ko ya taka ya gaya musu. Munka buɗe gurup na biyu wanda ni da mataimakiyata kaɗai ke iya rubutu a ciki, don a tsohon gurup sanarwa takan nutse cikin barka da Juma'a da gardamar ƙwallo da tallan turare, mutum ya buɗe ya tarar da saƙo ɗari uku ya rufe. Kuma kowace sanarwa bayan hotonta sai mu bi ta da bokal, wato saƙon murya, ni da Hausa ita da Zabarmanci, a taƙaice, me ake so, wa ya shafa, ina za a kai, yaushe za a rufe. Wasu sun ce wannan raini ne ɗan jami'a ai yana jin Faransanci. Yana ji mana, amma Faransancin takardar ofis daban yake da na aji, kuma mutum ya gaji ya kwaso rana ya karanta layi ashirin a ƙaramin gilashi sai ya tsallake layi ɗayan da ya fi muhimmanci. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma takardun karatu da Faransanci suke fitowa, kuma ko da Hausa sunka fito akwai ƴan ajinmu da sai an juya musu.

Jarabawata ta gaskiya ta zo a ƙarshen semesta ta farko. Daren da za mu wayi gari mu rubuta wata jarabawa mai nauyi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga hoton wata takarda yana yawo a tsohon gurup cewa an ɗage ta zuwa sati mai zuwa. Kafin minti goma wayata ta ɗauki zafi, kira kan kira, delege gaskiya ne? delege mu kwanta? Wasu har sun fara murna. Na buɗe hoton na ƙara girmanshi, kan takardar ya yi kama da na gaske, amma babu lamba babu kwanan wata, hatimin kuma ya yi duhu ba ka iya karanta komai a ciki, sa hannun kamar an yanko shi daga wata takarda. Na kira malamin darasin wayarshi a kashe, dare ya yi ba zan iya kiran shugaban sashe a wannan lokaci ba sai na tura mishi saƙo. Na tambayi wanda ya sa hoton ina ya samo shi ya ce wani ya turo mishi, wancan ma ya ce wani ne, ba wanda ya ga takardar a allo da idonshi. Nan fa na rasa abin yi, in na ce ƙarya ce alhali gaskiya ce na sa mutane sun kashe kuɗin mota a banza za su zage ni kwana biyu, in na yi shiru kuma ta zama ƙarya duk wanda bai zo ba ya samu sifili, kuma a tsarin karatun jami'a na LMD darasi ɗaya da ba ka ci ba yana iya riƙe mutum ya bi shi har shekara ta gaba. Na yi bokal na ce ƴan uwa ban tabbatar da takardar nan ba, ban ga hatiminta da kyau ba ban ji daga bakin malam ba, don haka a wurina jarabawa tana nan ƙarfe takwas kowa ya zo, in an ɗage ni zan tsaya a ƙofa in ba kowa haƙuri. Mataimakiyata ta yi nata, munka tashi masu kiran waya, ni kaina na kira mutum goma sha wani abu har kiredina ya ƙare na ari wayar maƙwabci.

Ban yi barci ba. Da asuba bayan salla na taka zuwa fakulte na duba allo da fitilar waya babu wata takarda sabuwa. Ƙarfe bakwai da ƴan mintoci shugaban sashe ya amsa saƙona da kalma biyu cewa jarabawa tana nan. Anka yi ta ƙarfe takwas. Mutum biyu ba su zo ba, dukansu suna cikin tsohon gurup sun ga hoton sun kashe waya sun kwanta, kuma ba sa cikin kayena don suna da WhatsApp ban lissafa su cikin masu buƙatar kira ba. Na raka su munka rubuta takardar roƙo munka haɗa da hoton ƙaryar, anka ce su jira zama na biyu, sun jira sun rubuta ɗaya ya ci ɗaya bai ci ba. Har yau in na ga wanda bai ci ba sai in ji da na ƙara kira biyu a daren nan. Wanda ya ƙirƙiri takardar kuwa ba mu taɓa gano shi ba, ko wasa yake ko bai yi karatu ba ne yake son a ruɗe, Allah ya sani, amma ya cuci mutum.

Sauran aikin ba abin da ake tafa wa ba ne. Maki sun fito sunan wani babu, ka karɓi takardun koke ka jera ka kai ka koma ka bibiya. Malam ya canza awa ka sanar. Ɗalibi ya kwanta rashin lafiya ka haɗa ƴan dala dala a aji a kai mishi. Lokacin sabunta dosiye na bursu da ya zo na bi allo na kwafe jerin takardun da ake so tun ranar farko na karanta a bokal sau biyu, a nan ne munka gano wata ƴar ajinmu sunan mahaifinta a takardar haihuwa daban yake da yadda anka rubuta shi a takardar bak, harafi biyu ne kawai amma sun isa su tsayar da dosiye, da yake da sauran kwanaki mataimakiyata ta raka ta sunka yi ta zirga-zirga har ta samo takardar da ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne ta ajiye a kan lokaci. Karatuna ya ɗan taɓu a shekarar ban musa ba, kuɗin forfe kuma daga aljihuna yake fita sai daga baya aji ya yarda ana tara wani abu duk wata.

Da shekara ta ƙare ban sake tsayawa ba, lisans ta uku tana son mutum gaba ɗayanshi. Anka yi zaɓe ranar Laraba bayan darasi, anfi ya cika, mataimakiyata ta tsaya ta ci da rata mai yawa. Na miƙa mata kayen, ya tsufa bangonshi ya cire an soke wasu lambobi an ƙara wasu, a shafin farko akwai lambar yaron Keita da na rubuta tun ranar da na sayi kayen ko da yake ba ɗan ajin ba ne kuma. Ta tambaye ni wannan fa, na ce ki bar ta. Na kira shi a daren, ya ce ya yi rajista a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ya fi kusa da gida, kuma nasiyonalite ɗin tana hannunshi yanzu har kopi uku ya yi. Na ce ka san delege na ajinku? Ya ce a'a. Na ce gobe in ka shiga ka tambaya a nuna maka shi ka ba shi lambarka, ya ce to, zai yi.